Oba-obar Kaka da gaisuwar Baffa

Har yau idan aka tashi ba da labarin a gidanmu cewa ake yi, "lokacin da yarinyar nan ta ɗaure bakin Kaka." Ni ce yarinyar. Ban ɗaure bakin kowa ba, kuma duk wanda ya san kakana ya san ba a saƙa igiyar da za ta iya wannan aiki ba. Tunda an hana ni kare kaina a tsakar gida, zan kare kaina a takarda, inda Inna ba ta da ikon cewa in yi shiru manya na magana.

Kawuna, ƙanen Inna, mushe ne a koleji nan Belbeji, yana koyar da lissafi. Tun yana yaro yake fama da ciwon rediyo. Shi da wasu abokansa masu irin ciwon suka yi ta zarya Damagaram har suka samo takardar izini, sannan suka kafa wani akwati a kan dogon ƙarfe bisa tudun bayan gari, da farantin hasken rana da batir. Rele suke ce masa. Aikinsa shi ne ya cafe muryar da ta fito daga ƙaramar oba-oba, wadda jandarmomi ke kira talki, ya sake wurga ta nesa, har cikin kwarin Tarka, inda rezon salula sai ka hau bishiya ka haɗa da addu'a.

Wannan rele ba irin na da ba ne mai shuuu kamar ana soya ƙosai. Na zamani ne. Yana daddatsa murya ya mai da ita lambobi, a can gaba a sake haɗa ta, ta fito tas. Sai dai yana da girman kai. Ba ya sauraron oba-obar da ba a gabatar masa da ita yadda ya kamata ba, kuma gabatarwar da ordinatar ake yi, wato kwamfuta, a jona waya, a cika wasu gurabe. Wannan aikin ni na iya, don na daɗe ina leƙe ta kafaɗar Kawu har ya gaji da korata.

A ƙarshen bazarar bara, ruwa bai sauka ba, aka kira Kawu Damagaram gyaran takardun jarrabawa. Ya bar mini sababbin oba-oba biyu da ordinatar ɗinsa da gargaɗi mai tsawon huɗuba. Ɗaya ta Kaka ce, ɗayar ta Baffa.

Baffa Bafulatani ne, yana zaune da dabbobinsa a arewacin Tarka. Shi ke riƙe da awakin Kaka da ƴan shanunsa tun kafin a haifi Inna. Babu takarda tsakaninsu, babu shaida. Idan akuya ta haihu Baffa ya faɗa, idan ta mutu ya faɗa, Kaka bai taɓa cewa a kawo fata ya gani ba. Uwar Kaka Babarbariya ce, saboda haka akwai wasa tsakaninsu, in sun haɗu sai ka rantse za a kira ƴan sanda, alhali goro ɗaya suke rabawa. Tsufa ya sa hanyar ta yi musu nisa, shi ya sa Kawu ya ce a ba su oba-oba su riƙa zagin juna daga zaune.

Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya na soma aiki. Kowace oba-oba da lambarta, kamar katin ɗan ƙasa, na shigar. Sai zango biyu, ɗaya na ji ɗaya na faɗa, in ka juya su ka zama mai yi wa ƙeyar rele magana. Sai wani gurbi wai shi lambar launi. Na duba sama na duba ƙasa, babu ja babu kore, lamba ce kawai, wanda ya raɗa mata suna shi ya san abin da ya ci ran nan. Sai layi, don rele ya raba kunnensa biyu kamar uwar tagwaye, dole ka faɗa masa ta wanne za ka shiga. Daga ƙarshe sai lambar zaure. Duk waɗanda suka saka lamba ɗaya, to zaure ɗaya suke zaune, kowa na jin kowa. Na saka tsofaffin nan a zauren su Kawu, don shi kaɗai ne akwai.

Karon farko rele ya yi banza da ni. Na hau katanga, na hau rumfar awaki, na ɗaga oba-oba sama kamar mai tallan kaza, Inna na ta ce mini in na karye babu mai kai ni likita. Ashe lambar launin ce na bari yadda ta zo daga kanti. Na sauko na gyara. Akwai wata lamba ta gwaji da su Kawu ke kira aku, duk abin da ka faɗa rele zai mayar maka. Na danna na ce, "Inna ta fi lasifikar masallaci ƙara." Rele ya mayar da maganar da muryata, tsaf, har maƙwabta suka ji. Na sha ludayi a gadon baya, amma da daɗi na sha shi, don aiki ya yi.

Akwai abu biyu da Kawu ya ce ko da wasa kada in taɓa. Na farko, idan wani na magana, oba-obarka ba za ta bar ka ka shiga ba, in ka danna sai ta ce bup, ta ƙi. Na biyu, idan mutum ya riƙe maɓalli ya zarce ƙa'ida, za ta yanke shi, don kada mutum ɗaya ya shanye batirin rele. Ina so a rubuta wannan da manyan baƙaƙe: ba ni na ƙirƙiro su ba. Dokar masu rele ce. Ni ƴar aike ce.

Ranar kasuwa ɗan Baffa ya zo, wani dogon saurayi mai rawanin da ya fi shi girma, na ba shi tasu. Na ce ya gaya wa babansa: a danna, a yi magana, a saki, a saurara. Na maimaita masa har ya soma kallon hanya. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane komai, ya jefa ta a jaka tare da gishiri.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Kaka ya gama shan kunu yana zaune a zaure, oba-oba a cinyarsa kamar jariri, sai ta buɗe baki.

"Salamu alaikum. Babarbare, kana nan ko an binne?"

Kaka ya washe sauran haƙoransa. Ya danna. Bup.

"Ina kwana?" in ji Baffa. Ya ɗan yi shiru, yana ba da wurin amsa.

"Lafiya lau," in ji Kaka, ya danna. Bup.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya." Bup.

"Yaya iyali? Yaya zafi? Yaya jiran ruwa?"

Nan take na gane abin da ke faruwa. Baffa na barin wurin amsa kamar yadda kowane ɗan halas ke yi, amma babban yatsansa na kan maɓalli bai ɗaga ba. Muddin kuwa yatsan na nan, oba-obarsa kurma ce, ta Kaka kuma bebiya. Gaisuwarmu lugude ce, taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan na ɗagawa wannan na saukewa, kafin tambaya ta ƙare amsa ta fito. Turmin oba-oba kuwa taɓarya ɗaya yake ci.

Na ce, "Kaka, bari ya saki tukuna."

"Matsa can, amarya. Mutum na gaishe ni in tsaya jira? Gidan wa kika ga ana haka?"

Muryar Baffa ta soma sanyi. Ya tambayi lafiyar jikoki, ya yi shiru. Ya tambayi ƙafar Kaka mai ciwo, ya yi shiru mai tsawo. Kaka kuwa ya kai har miƙewa tsaye, yana kwarma wa abin nan "alhamdu lillahi" kamar zai haɗiye shi, shi kuma yana ta bup, bup, kamar kwaɗo a randa. Baffa na cikin cewa "to yaya labarin" ƙa'ida ta cika, oba-obarsa ta yanke shi a tsakiyar kalma.

Da hanya ta buɗe, na ɗauka Kaka zai ce, ka yi haƙuri, na amsa ba ka ji ba. Ina. Danna nasa maɓallin ya yi, ya riƙe gam, ya ɗauko tasa gaisuwar daga tushe, da nasa wuraren amsar. Ku tsaya a wurin Baffa ku gani. Ka gai da mutum tun daga kansa har awakinsa bai ce uffan ba, aka katse ka, sannan ga shi ya taso yana tambayarka kwana kamar ba ka taɓa buɗe baki ba. Ka danna za ka amsa, abin ya ce maka bup.

"Kin ga ɗan daji," in ji Kaka, bayan ita ma tasa ta yanke shi. "Ko amsawa bai yi ba."

Na miƙa hannu in karɓa in yi wa Baffa bayani da kaina. Kaka ya ɓoye ta a bayansa. Wai yarinya ba ta shiga tsakanin gaisuwar dattawa, in ina da magana in je in yi da tsarata.

Washegari haka, jibi haka. Kullum gaisuwar Baffa na gajarcewa, har ranar da ya ce salamu alaikum kawai, ya jira da yatsa a danne, ya ce, "To." Daga nan ba a sake jin sa ba. Na saci oba-obar lokacin da Kaka ya shiga alwala, na yi ta kira ina bayani kamar mai wa'azi. Wani abokin Kawu ne ya amsa daga Tanut, yana ƙunshe dariya, ya ce ai tsohon ya kashe tasa.

A nan na tuna abin da ya fi muni. Zaure ɗaya ne. Duk abokan Kawu, daga Tanut har Falanko, da duk wanda ke zaune kusa da su yana shan shayi, sun ji Baffa na gaisuwa ana yi masa shiru.

Wata mai sayar da cuku da ke zuwa daga wajen su Baffa ita ta kawo saƙon, ta sauke shi a gaban Inna tare da kwandonta. Baffa ya ce shi ba ya faɗa da kowa. Zagi ya sha daga bakin Babarbare tun suna da baƙin gemu, bai taɓa jin zafi ba. Amma wanda ya ƙi amsa sallamarsa a gaban jama'a ya gaya masa abin da yake son gaya masa. Kasuwa mai zuwa zai kawo amanar mutane ya miƙa.

Kaka bai ci tuwon rana ba. Wannan mutumin da ko ranar da aka cire masa haƙori sai da ya nemi ƙari. Ba awakin ne suka dame shi ba, ko da yake a wannan bazarar in an zube su a gidanmu sai dai su ci katanga. Zama ya yi yana kallon ƙofar zaure, yana cewa, "Ni zai kawo wa amana? Ni?" Na ji tausayinsa, wallahi na ji. Sai da ya juyo ya nuna ni da sanda.

"Ita ce. Ita ta shiga cikin abin nan da wayarta ta ɗaure mini baki."

Inna ta ce dama tun ranar da na hau rumfa ta san ba alheri nake nema ba. Gwaggo ta zo daga unguwarsu takanas, ko mayafi ba ta gyara ba, don ta ce yaran yanzu sun iya saka wa ƙarfe rashin kunya. Aka kulle ordinatar a akwatin Inna, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa sai biki. Ƙanena, wanda bai san gaban oba-oba da bayanta ba, ya riƙa bina yana cewa bup. Na yi bayani da baki, na yi da hannu, na ɗauko taɓarya biyu na yi da turmi. Inna ta ce tunda na ɗauko, ga gero nan.

Na kira Kawu a salula, ina sa ran mai gaskiya zai tsaya wa mai gaskiya. Ya saurara, ya yi dariya har na ji wani a gefensa na tambaya ko lafiya. Na ce ya gaya wa Kaka dokarsu ce. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata, takardu sun yi mini yawa, in na dawo ma yi magana." Mushe guda, mai tsawata wa aji cike da ƙattai, yana tsoron ubansa daga Damagaram.

Ranar kasuwa tun kafin rana ta yi zafi muka ji kukan awaki. Baffa ne a gaba da sandarsa a kafaɗa, ɗansa a baya, a tsakiya kuma garken da ni a idona ya kai daga ƙofarmu zuwa Agadas. Shanun ya bar su a bakin rijiya, awakin ya koro har gida. Suka shigo kamar sun biya haya. Ɗaya ta kama zanen Inna a kan igiya, ɗaya ta hau turmi, wani bunsuru ya tsaya yana kallon Gwaggo ido cikin ido har ta kauce.

Baffa ya tsaya a ƙofar zaure. Fushi bai hana shi abin da aka haife shi da shi ba.

"Salamu alaikum," ya ce, yana kallon bango.

Bai rufe baki ba Kaka ya ce, "Wa alaikumus salam."

"Ina kwa..."

"Lafiya lau, ina gajiya, yaya hanya?"

"Ba gajiya. Yaya iya..."

"Lafiya lau suke, yaya naka, yaya dabbobi?"

Lugude ya kama. Babu wanda ya kalli wani, amma taɓarya biyu na sauka a kan lokaci, sai da suka bi kowa da komai har jakin maƙwabci. Da suka ƙare Baffa ya zauna a bakin tabarma, can gefe.

"Ashe da bakinka, Babarbare."

"Da bakina. Amsa nake har maƙogwarona ya bushe. Kai ne na gaishe ka ka yi mini shiru."

"Ni? Ban ji amsa ko ɗaya ba. Da na zo amsa taka kuma, ka sa abinka ya yi mini tsaki."

Ban jira izinin kowa ba. In za a kashe ni a kashe ni da hujjata. Na zaro oba-obar Kaka daga ƙarƙashin matashinsa, na fizgo ta Baffa daga jakar ɗansa, duk ta yi gishiri, na kunna su. Na durƙusa na miƙa wa kowa tasa.

"Baffa, don Allah gai da shi da wannan, yadda ka saba. Amma ka kalle shi."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Sannan ya danna. "Ina kwana?" Muryarsa ta fito a cinyar Kaka. Kaka ya danna, ya ce lafiya lau da dukan ƙarfinsa. Bup. Baffa ya ga bakin na motsi, ya ji amsar ta iska, ya kara tasa a kunne, babu komai.

"Ina gajiya?" ya sake cewa, a hankali.

"Ba gajiya." Bup.

Baffa ya ɗaga yatsa. Ya juya abin a hannunsa, ya daɗe yana kallo. Na ce masa tana da baki tana da kunne, amma ba ta aiki da su lokaci ɗaya, in tana faɗa ba ta ji.

"Af," in ji Baffa. "Babarbariya ce ashe."

"Bafulatana dai," in ji Kaka. "Ba ka ga a rana take wuni ba ta cin komai ba?"

Suka fashe da dariya, Kaka har da tari. Baffa ya matso tsakiyar tabarma, aka fito da goro. Ni kuma na gyara durƙuso, ina jiran abin da ya kamace ni. Ba na neman a yi mini kiɗa. A ce dai, yarinyar nan ta yi gaskiya.

Baffa ya ɓare goro ya miƙa wa Kaka rabi, ya nuna ni da haɓa. "Wannan ce ta yi mata tarbiyya?"

"Ita ce."

"Shi ya sa. Abin da aka ba yaro ya rena, ina zai san gaisuwa."

"Abin da nake faɗa ke nan tun farko," in ji Kaka. "Ni da kai me zai haɗa mu? Ita ce."

A gabana, ina durƙushe, abotar da ta girmi uwata ta miƙe tsaye a kan gadon bayana. Babu wanda ya ce yatsan Baffa, babu wanda ya ce taurin kan Kaka. Na buɗe baki, Inna ta leƙo daga bayan labule ta yi mini kallon da ke nufin akwai sauran ludayi.

Duk da haka na daure na ce maganin mai sauƙi ne. A yi tambaya ɗaya, a saki, a ji amsa, a sake dannawa. Baffa ya ce wannan ba gaisuwa ba ce, tambayar jandarma ce, shi ba zai gai da amininsa kamar ya kama shi da akuyar sata ba. Kaka ya ce ko shi ba zai yi ba. Suka ci gaba da tauna goro. Can Baffa ya ce, "Kai dai kana amsawa?"

"Ina amsawa."

"Kowace?"

"Kowace. Har ta ƙafa."

"To shi ke nan. Ni ma ina amsa taka."

Da la'asar aka kora awakin suka koma Tarka, bayan sun cinye rabin zanen Inna da dukan zogalen da ta shekara tana ban ruwa.

Yanzu kullum da hantsi haka ake yi. Baffa ya danna ya riƙe, ya ce ina kwana, ya bar wuri. Kaka ya amsa wa iska, ya ma daina wahalar dannawa. Can sai ka ji Baffa ya ce "madalla," a kan amsar da bai ji ba. In ƙa'ida ta yanke shi, Kaka ya ɗauka, shi ma ya yi ta madalla. Sai sun gama wannan kaf sannan su shiga zagin juna da labarin wace akuya ta haihu, kuma a nan, abin haushi, sun iya dannawa da saki sarai, don kowa na son jin inda zaginsa ya sauka. Abokan Kawu sun koyi barin zauren a wannan lokacin, in ban da na Tanut ɗin nan da ke ajiye shayinsa ya saurara.

Kawu ya dawo, ya ji labari, ya ce aikina ya yi kyau, a hankali, a bayan ɗaki, inda babu mai ji. Awakin kuwa wuni guda suka yi a tsakar gidanmu, kuma akuya ba ta wuni a wuri ta tafi ba ta bar shaida ba. Aka taru aka duba wa ya jawo su, aka miƙo mini tsintsiya.